TIKITIN JIRGIN ƘASA: ABIN DA YA KAMATA MUTANEN KANKIYA DA KUSADA SU NEMA

Tun ran 9 ga Fabrairu, 2021, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, maganar da ta fi yawa a bakin jama'ar ƙasar Katsina ita ce yaushe za a gama, kuma nawa aikin zai ci. Lalle waɗannan tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wata tambaya wadda ba mu cika jin ana yinta ba, alhali kuwa ita ce za ta nuna ko talaka zai mori jirgin nan ko kuwa kallonsa kurum zai riƙa yi yana wucewa. Tambayar ita ce, wane irin tikiti za a sayar wa mutane, kuma yaushe ne mutum zai yanke shi?

Mai karatu zai ce wannan ai ƙaramar magana ce, a bari jirgi ya zo tukuna. To, Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Dokokin tikiti ba a tsara su ran da jirgi ya fara gudu, ana tsara su ne tun gabanin haka a ofis, kuma in an riga an buga su, sake su yakan yi wuya. Don haka muka ga ya dace mu baje maganar nan gaban malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e, domin su ne ke rubuta takardun koke, su ne kuma jama'a ke zuwa wurinsu neman bayani. Mun ɗauki Kankiya da Kusada don misali, saboda halin da suke ciki shi ne halin yawancin garuruwan tsakiyar Jihar Katsina.

INDA HANYAR TA BI

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a Arewa. Ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru kuwa aka gama shi a 1930. Amma duk wannan zamani birnin Katsina da ƙasar da ke kewaye da shi ba su sami reluwe ba. Gyaɗa da audugar Kankiya da Kusada a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a kan manyan motoci, aka riƙa kai su inda jirgi yake. Watau mutanen wannan yanki sun saba da mota, da tashar mota, da al'adarta, wadda ba ta san wani tikitin gobe ba. Ka zo, ka biya, in mota ta cika a tashi.

Sabuwar hanyar, wadda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarta a kan kuɗi wajen dala biliyan 2, tsawonta kimanin kilomita 284 ne. Bisa tsarin da aka bayyana, ta tashi daga Kano ta bi ta Dambatta, da Kazaure, da Daura, da Shargalle, da Mashi, ta shiga Katsina, sa'an nan ta wuce Jibiya ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Duk wanda ya dubi taswira zai ga hanyar ta yi baka ne ta gabas da arewa, ta bar Kankiya da Kusada a cikin bakan. Babban titin mota na Kano zuwa Katsina, wanda ya bi ta Bichi, da Tsanyawa, da Gidan Mutum Ɗaya, da Kankiya, da Charanchi, shi ne tsirkiyar wannan baka.

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Mutumin Kankiya da ke son zuwa kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ya dawo a yini guda, mota ce za ta ci gaba da zama abin hawansa, gama ba hikima ba ce ya yi tafiyar kilomita wajen 60 zuwa Katsina, sa'an nan ya hau jirgin da zai zagaya da shi ta Daura kafin ya kai Kano. Inda jirgin zai yi masa rana shi ne tafiyar Jibiya da Maraɗi, ko ta Daura da Kazaure in ya bi ta Ingawa da Dutsi ya tare shi a Shargalle, ko kuwa doguwar tafiya, in hanyar Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinta a Yuli 2021 ta haɗe da ta Abuja. A kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye, sai ya fara shiga mota kafin ya ga tasha. Wannan kuwa shi ne gindin maganarmu duka.

TIKITI IRI BIYU NE

Akasari tikitin jirgi iri biyu ne, ko da sunayensa sun yi yawa. Na farko shi ne tikitin kujera. Wannan an rubuta masa rana, da lokacin jirgi, da lambar tarago, da lambar kujera, wani lokaci har da sunan mai shi. Amfaninsa shi ne mutum ya kwana da sanin yana da wurin zama. Aibinsa kuwa, in jirgin ya tashi ba ka ciki, takardar da ke hannunka ta mutu.

Na biyu shi ne tikitin yini. Shi wannan ba ya ɗaure mutum da jirgi guda. Abin da aka rubuta masa shi ne daga tasha kaza zuwa tasha kaza, ran kaza. Kowane jirgi ka samu a wannan rana ka hau, in ka sami kujera ka zauna. Amfaninsa shi ne sakewa. Aibinsa kuwa cunkoso, domin hukuma ba ta san adadin waɗanda za su taru wa jirgi guda ba.

Daga nan za a gane amsar tambayar da mutane ke yawan yi, cewa shin yankar tikiti tun da wuri ya fi, ko kuwa a bari sai an isa tasha? Amsar tana ga irin tikitin. In na kujera ne, wanda ya riga ka yanka ya riga ka zama, don haka jinkiri hasara ne. In na yini ne mai tsayayyen kuɗi, yankarsa tun jiya ba ya ƙara maka kome sai hutun bin layi, ba ya kuma rage ka da kome muddin ranar ba ta sake ba.

DARASIN KADUNA DA ABUJA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An buɗe hanyar jirgi ta zamani tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna a Yuli 2016, tsawonta kilomita 186. Da fashi da satar mutane suka tsananta a kan titin mota, sai jama'a manya da ƙanana suka koma wa jirgi, masu neman kujera suka fi kujerun yawa. Nan da nan cuwa-cuwar tikiti ta kunno kai. Jaridu sun sha ba da labarin yadda mutum zai zo tasha da asuba a ce masa tikiti ya ƙare, sa'an nan ya koma gefe wani ya sayar masa da shi a kan kuɗin da ya fi na hukuma nesa ba kusa ba.

Don maganin wannan ne aka fara sayar da tikiti ta intanet a Janairu 2021. Daga baya kuma, bayan mummunan harin da aka kai wa jirgin ran 28 ga Maris, 2022, wanda ya ci rayuka aka kuma sace fasinjoji da dama, an dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekara. Da aka dawo da aiki sai aka sa sharaɗin cewa mai yankar tikiti ya ba da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa. Dalilin wannan sharaɗi a fili yake. A kwanakin farko bayan harin an yi ta saɓani a kan yawan mutanen da ke cikin jirgin. Labaran farko sun ce wajen 970, Hukumar Jiragen Ƙasa kuwa ta ce 362 ne aka tantance tikitinsu. Iyalai sun kwana cikin zullumi suna neman sunayen 'yan'uwansu. Ba mai hankalin da zai yi gardamar cewa ya kamata a san wanda ke cikin jirgi.

Saboda haka tsarin da aka ɗora sababbin hanyoyinmu a kai shi ne tikitin kujera mai suna, wanda ake yanka kafin tafiya. Ga tafiyar Kaduna zuwa Abuja tsarin yana da hujja. Yawancin masu hawa ma'aikata ne da 'yan kasuwa mazauna birni, masu wayar zamani da asusun banki, waɗanda suka san ranar taronsu tun mako guda kafin ta zo. Abin tsoro shi ne a kwashe wannan tsari ɗungurungum a kawo shi hanyar Kano zuwa Maraɗi, inda tashoshi suke kusa da juna, kuma akasarin masu hawa manoma ne, da 'yan tireda, da ɗalibai, da masu zuwa asibiti ko biki ko gaisuwar mutuwa.

MU ƊAUKI MISALI

A ce wani malamin makaranta a Kusada yana da sha'ani a Jibiya, yana son ya je ya dawo ran nan domin gobe yana da aji. Ya yanki tikitin kujera na jirgin safe daga Katsina tun shekaranjiya, ya kuma yanki na dawowa da la'asar. Ya yi sallar asuba ya fito bakin hanya. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, in ta tashi kuma akwai shingayen bincike, akwai tsayawa sauke wannan a ɗauki wancan, in ranar kasuwar Charanchi ce akwai cunkoso. Ya isa tasha jirgi ya ba da baya da minti goma. Kuɗin zuwa ya tafi. In ya haƙura ya shiga mota ya ƙarasa Jibiya, ya biya tafiya guda sau biyu ke nan. Can kuma wanda ya je gani bai fito da wuri ba, la'asar ta yi bai gama ba. Yanzu sai ya zaɓa, ko ya bar abin da ya kawo shi ya bi jirgi, ko ya tsaya kuɗin dawowa ma ya bi na zuwa.

Mutumin da wannan ya same shi sau ɗaya ba zai sake ba. Zai ce wa maƙwabtansa jirgi na masu agogo ne, su kuma su gaskata shi. Ba kuwa rashin kiyaye lokaci ne ya jawo masa ba. Lokacinsa ne ba ya hannunsa, yana hannun direba da 'yan kamasho da halin hanya. Mazaunin birnin Katsina yana iya auna tafiyarsa zuwa tasha, amma na Kusada ko na ƙauyukan Kankiya ba shi da wannan iko. Tikitin da ya ɗaure mutum da minti, hukunci ne a kan wanda gidansa ya yi nisa da reluwe.

Akwai kuma maganar waya. Tsarin da ya dogara ga intanet kaɗai yana ɗauka cewa kowa na da wayar zamani, kuma layi ba ya yankewa. Jama'ar wannan jiha ba su manta da Satumba 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda tsaro, har da Jibiya wadda take kan wannan hanya, aka yi watanni a haka. Ba su kuma manta da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ba, lokacin da mutum zai tura kuɗi ta waya su maƙale a tsakani. Inda duk aka rufe tagar sayar da tikiti aka ce sai ta waya, dattijon da ba ya karatun boko dole ya nemi wanda zai yankar masa, wannan kuwa ita ce ƙofar da ɗan cuwa-cuwa ke shigowa ta cikinta.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ƙasashen da suka daɗe da reluwe sun raba tafiya gida biyu. A Ingila akwai tikiti mai rahusa wanda ake yanka tun da wuri, amma ba ya aiki sai a jirgin da aka rubuta masa. Kusa da shi kuma akwai tikitin zuwa da dawowa na yini, wanda mai shi ke hawa jirgin da ya samu cikin lokutan da aka yarda. Mutum shi ke zaɓa, ko rahusa da ɗauri, ko ƙarin kuɗi da sakewa.

A Jamus jiragen da ke yawo cikin lardi akasari ba a kama kujera a cikinsu. Akwai tikitin yini na jiha, wanda mutum ɗaya ko ƙungiya har ta mutum biyar za su yanka su yi ta hawa da sauka, daga ƙarfe 9 na safe a ranakun aiki. A Mayu 2023 kuma suka fito da tikitin wata na ƙasa baki ɗaya don irin waɗannan jirage, wanda aka fara a kan Yuro 49, daga baya aka ƙara kuɗinsa.

Indiya ta fi kusa da halinmu, gama ƙasa ce mai yawan jama'a da yawan talakawa. Can akwai taragun da ake kama wuri tun da nisa, har a Nuwamba 2024 aka rage wa'adin daga kwana 120 zuwa 60. Amma a jikin yawancin jiragen nan akwai taragun gama-gari, waɗanda mutum zai yanki tikitinsu a taga ran tafiya ya shiga. Ko a nan gida, jirgin cikin gari na Ikko da ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023 tsakanin Marina da Mile 2, da kati ake hawansa. Mutum ya zuba kuɗi a katin, ya hau jirgin da ya tarar. Ashe dai abin ba gagararre ba ne.

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Za a ce tikitin yini zai kawo cunkoso, a koma irin zamanin da mutane ke hawa rufin tarago. Wannan tsoro ne na gaskiya. Maganinsa shi ne a ƙayyade adadin tikitin yini da kowace tasha za ta sayar, gwargwadon taragun da aka ware, a kuma hana shiga dandamali sai da tikiti.

Za a ce tsaro fa? To, sakewar lokaci daban, ɓoye suna daban. Ana iya rubuta suna da lambar shaida a tikitin yini, a kuma tantance shi a ƙofa lokacin shiga, na'ura ta rubuta cewa wane ya hau jirgi kaza. Ta haka hukuma za ta san waɗanda suka hau da gaske, wanda ya fi sanin waɗanda suka yi niyyar hawa kawai.

Za a kuma ce, ina amfanin tikitin kowane jirgi in jirgin guda ne a yini? Wannan ita ce suka mafi nauyi. Hanyar Kano zuwa Maraɗi layi ɗaya ce, watau jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha ko wurin da aka yi musu ratse, ga kuma jiragen kaya da za su nemi nasu rabo. An ce ana sa ran hanyar ta ɗauki fasinja fiye da 9,000 a kowace rana. In da gaske ake, wannan adadi ba zai samu da jirgi ɗaya ko biyu ba. Don haka maganar tikiti da maganar jadawali tare suke tafiya. Tafiyar yini ba ta yiwuwa sai akwai aƙalla jirgin safe da na hantsi masu zuwa, da na la'asar da na yamma masu dawowa.

ABIN DA YA KAMATA A ROƘA

Muna ganin ya wajaba majalisun ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da Ingawa, waɗanda suke da wakili guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya, su haɗa kai da hakimansu su rubuta wa Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa a kan abubuwa biyar.

Na ɗaya, a ware taragu na gama-gari a kowane jirgin fasinja don gajeriyar tafiya, tikitinsu ya zama na yini, a bar tikitin kujera ga faskila da masu doguwar tafiya.

Na biyu, a yi tikitin zuwa da dawowa na yini guda, kuɗinsa ya kasa na tikiti biyu, kuma kuɗin ya zama ɗaya ko an yanka tun jiya ko yau.

Na uku, kada a rufe taga. A bar wani kaso na tikiti ga masu zuwa da kuɗi a hannu, a kuma naɗa amintattun wakilai a garuruwan da ba su da tasha, irin su Kankiya da Kusada, domin mutum ya yanki tikitinsa a gida kafin ya shiga mota, a kan kuɗin da aka buga aka manna a bango.

Na huɗu, wanda ya yanki tikitin kujera jirgi ya wuce shi, a yarda ya koma tarago na gama-gari a jirgi na gaba a ran nan, ba tare da sabon biya ba. In kuwa hukuma ce ta soke jirgi ko ta makarar da shi, a mayar wa mutane kuɗinsu ba da wahala ba.

Na biyar, a buga jadawali da dokokin tikiti da Hausa, cikin boko da ajami, a kuma riƙa karanta su a rediyo. Gwamnatin jiha ita ma tana da nata aiki, watau ta daidaita motocinta na haya da lokacin jirgi, domin mota ta tashi daga Kankiya a kan ƙa'ida ko ta cika ko ba ta cika ba.

Game da tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, wannan yana da nasa sharuɗɗa na takardu da canjin kuɗi, balle tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Maganarsa sai wani jiƙon.

GA MAI NIYYAR TAFIYA

Kafin a kai ga wannan, ga shawara ga duk wanda tafiya ta kama shi a jirgi mai tikitin kujera, kamar na Kaduna zuwa Abuja. Ya tabbatar jirgin yana aiki a ranar kafin ya bar gida. Ya yanki tikitinsa tun da wuri, ta hanyar hukuma, da sunansa da lambarsa, kada ya karɓi mai sunan wani. In daga nesa zai taso, kada ya kama jirgin farko sai in a garin zai kwana. In zai dawo ran nan, ya kama jirgin ƙarshe, gama zaman jira a tasha ya fi kwanan dole a garin mutane. In kuwa bai san lokacin da zai gama sha'aninsa ba, ya yanki na zuwa kaɗai, ya riƙe kuɗin mota a aljihu.

An kashe dukiya mai yawa a kan wannan hanya, kuma bashin da aka ci dominta, na Kusada da na Kankiya suna cikin masu biya, ko da reluwe bai bi ta ƙofar gidansu ba. Hakkinsu ne a tsara tikitin da zai karɓe su yadda suke. Alƙalami yana hannun akawuna da malamai. Allah ya sa a rubuta takardar nan tun ana iya gyara.